SHARHI: A Auna Dutse Kafin A Niƙa

Farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dala 3,000 kowace oza a watan Maris na 2025, kafin watan Oktoba na shekarar ya ƙare kuma ya zarce dala 4,000. Watanni kaɗan kafin haka, wato a watan Disamba na 2024, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Jihar Zamfara tun watan Afrilu na 2019. Waɗannan al'amura biyu sun isa su ja hankalin duk mai jari zuwa ga ramukan zinariya na Arewa maso Yamma, kuma ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya bi inda riba take. Sai dai ya kamata a tuna cewa irin wannan tashin farashi ne ya share fagen bala'in gubar dalma na 2010, wanda ya hallaka yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Binciken da masana suka gudanar daga wancan lokaci zuwa yau ya bayyana yadda abin ya faru da kuma yadda za a kauce masa da kuɗi kaɗan. Abin da ya rage shi ne masu saye da sayar da zinariya su ɗauki wannan sani a matsayin wani ɓangare na jarinsu.

Tushen matsalar yana cikin dutsen kansa. A ƙasar Zamfara zinariya tana kwance ne cikin jijiyoyin farin dutse, wasu daga cikin jijiyoyin nan kuwa suna ɗauke da ma'adinin dalma, irin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli. Masana na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, waɗanda suka buga sakamakon aikinsu a 2013, sun gano cewa ruwa da iska sun daɗe suna cin wannan ma'adini a ƙarƙashin ƙasa har suka mai da shi wani nau'i da ke saurin narkewa a cikin ruwan tumbin ɗan Adam. A wasu samfurori da aka auna, dalma ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin dutsen. Mahaƙi ba shi da hanyar gane haka da ido, domin dutse mai guba da marar guba duk buhu ɗaya ake zuba su.

Da farashin zinariya ya wuce dala 1,000 a 2009, manoma da yawa a ƙauyukan Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega suka koma haƙa. Aka riƙa kawo duwatsu cikin gari, ana farfasa su a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake dakan hatsi, ana niƙa su a bushe a injin niƙa irin na gari, sannan a wanke, a haɗa da zaiba a ware zinariyar. Ƙurar ta sauka a ɗakuna da tsakar gida, ta shiga abinci da rijiyoyi da kududdufai. Yara masu rarrafe, waɗanda hannunsu ba ya rabo da ƙasa da baki, su suka fi kwasar ta, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin tsotse dalma.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen yara bayan jijjiga da suma, aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau bai yi aiki ba. Gwajin jini ne ya tona asirin cutar. Binciken gida-gida da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na yaran da aka gwada suna da dalma a jini da ta kai matakin da likita zai fara ba da maganin janye ta. A wasu wurare an sami dalma a ƙasa fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke aiki da ita a lokacin ga filin wasan yara kashi 400 ce.

Akwai wani gargaɗi da ya riga mutuwar yaran zuwa, amma ba wanda ya karanta shi. Mazauna ƙauyukan sun shaida wa masu bincike cewa tun farkon shekarar agwagi suka fara ɓacewa. Agwagwa tana cusa baki cikin taɓon kududdufi tana neman abinci, saboda haka ita ce ta fara haɗiye gubar da ruwan wankin dutse ya tara. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da sanin cewa tsuntsaye kan riga mutum nuna alamun gurɓatar muhalli, shi ya sa mahaƙan kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari a keji har zuwa 1986, in ya faɗi su san iska ta ɓaci. Da akwai malamin dabbobi da aka ɗora wa alhakin kai rahoton mutuwar agwagin, aka kuma aiko mai auna ruwa da ƙasa, da watakila an ceci rayuka masu yawa. Wannan darasi yana da muhimmanci ga masu fataucin dabbobi ma, domin shanu da awaki daga kududdufan nan suke sha kafin a kora su kasuwa.

Gyaran ɓarnar ya ci dukiya da lokaci. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zubo sabuwa mai tsabta, domin ba amfanin ba yaro magani a mai da shi gidan da ya kwaso gubar. A ƙauyuka takwas an kwashe ƙasa fiye da mita 27,000 mai kusurwa uku daga gidaje da wuraren niƙa sama da 800. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, ya jira har 2013, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi daga naira miliyan 850 da ta yi alkawari a 2012. Ƙungiyar MSF kuwa ta shafe kusan shekara goma sha biyu tana wannan aiki, ta gwada yara fiye da 8,000, kafin ta miƙa shi ga gwamnatin jihar a 2022. Duk da haka magani ba ya mai da abin da dalma ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Daga cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda suka shanye, da dama kuma sun tashi da raunin fahimta.

Wannan rauni na fahimta shi ne asarar da ba ta fitowa a littafin ɗan kasuwa, alhali ita ce mafi girma. Wani nazari da masana na Bankin Duniya suka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai gubar dalma ta jawo mutuwar manya miliyan 5.5 ta hanyar cututtukan zuciya da hanyoyin jini, ta kuma rage kaifin basirar yara ƙanana, har jimillar asarar ta kai dala tiriliyan 6, wato kusan kashi 7 cikin 100 na arzikin da duniya ta samar a shekarar. Mafi yawan nauyin ya faɗa wa ƙasashe masu tasowa. Yaron da dalma ta taɓa yau shi ne magini ko direba ko akawun gobe, kuma yankin da ya rasa basirar yaransa ya rasa ma'aikata da masu saye gaba ɗaya.

Wanda ya ɗauka abin ya tsaya a Zamfara ya yi kuskure. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, ta kashe yara 28, ta hanya iri ɗaya: dutse mai dalma, niƙa a bushe, aiki a cikin gida. Shekara biyar bayan darasin Anka, ba a auna dutsen ba kafin a niƙa. Amma a nan Jihar Neja ɗin ne aka gwada mafita aka ga amfaninta. Ƙungiyar OK International tare da MSF sun koya wa mahaƙa fesa ruwa a bakin injin niƙa da wuraren fasa dutse, da wanka da sauya tufafi kafin komawa gida. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa fesa ruwan ya rage ƙurar dalma a iska da kashi 95 cikin 100, ƙurar farin dutse mai lalata huhu da kashi 80, dalmar da ke cikin jinin mahaƙan da suka shiga shirin kuma ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Kayan aikin ba su wuce tankin ruwa da famfo da bututu ba.

Wasu na ganin cewa hanya mafi sauƙi ita ce a haramta haƙar gargajiya baki ɗaya. Hujjarsu tana da ƙarfi, musamman ganin yadda harkar ta cakuɗe da ta'addancin 'yan bindiga, wanda shi ne dalilin haramcin 2019. Amma mutumin da ke samun abin da ya ninka amfanin gonarsa daga rami ba zai bari ba don an karanta doka a rediyo. Abin da haramci kan haifar shi ne a koma ɓoye aikin, wurin ɓuya mafi kusa kuwa shi ne tsakar gida, inda mata da yara suke. Iyayen da ke tsoron a rufe musu hanyar abinci kuma ba za su yi saurin kai yaro asibiti su faɗi gaskiya ba. Abin da ya yi aiki a 2010 shi ne umarnin sarakunan gargajiya da masu gari na fitar da injinan niƙa bayan gari, domin mutane sun ji daga bakin waɗanda suka yarda da su, kuma ba a raba su da sana'arsu ba.

Wasu kuma za su ce ƙaramin mahaƙi ba shi da kuɗin ɗakin gwaji. Gaskiya ne, shi ya sa nauyin ya kamata ya hau kan waɗanda suka fi cin ribar: dillalai da masu injinan niƙa da masu ba da jari, da kamfanonin da ke riƙe da lasisi. Na'urar hannu da ake kira XRF, wadda masu aikin gyaran Zamfara suka yi amfani da ita, tana nuna yawan dalmar da ke cikin dutse ko ƙasa cikin mintoci. Ƙungiyar mahaƙa ko cibiyar sayen zinariya guda ɗaya za ta iya mallakar ɗaya ta yi wa ɗaruruwan ramuka aiki, a san wanda dutsensa ke buƙatar tsananin kulawa. Bankunan da ke ba da rance a wannan fanni su sa sharaɗin cewa injin da za a saya mai niƙa da ruwa ne, kuma za a girke shi nesa da gidaje da rijiyoyi.

Akwai riba a cikin haka bayan ceton rai. Manyan matatun zinariya na duniya suna tambayar asalin abin da ake kawo musu, dokar Tarayyar Turai kan shigo da zinariya da wasu ma'adinai daga yankunan rikici kuma ta fara aiki a watan Janairu na 2021. Zinariyar da ba ta da takardar asali ta ɓarauniyar hanya take fita, a sayar da ita yadda mai saye ya ga dama, ƙasa ta rasa haraji, mahaƙi ya rasa farashin gaskiya. A watan Yuli na 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari da sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5 da aka tara daga mahaƙan gargajiya domin Babban Bankin Nijeriya ya saya. Duk wani shirin saye irin wannan yana da ikon gyara harkar in ya ƙi karɓar zinariyar da aka niƙa a cikin gari, ya kuma ƙara wa wanda ya bi ƙa'ida farashi.

Gwamnati ma tana da nata aikin. Ya kamata Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya ta fitar da taswirar jijiyoyin da ke ɗauke da dalma a jihohin Zamfara, Neja, Kebbi da Kaduna, a fassara ta da Hausa, a kai ta fadar kowane hakimi da ke yankin haƙa. Ma'aikatun lafiya su mai da gwajin jinin yara aiki na yau da kullum a asibitocin yankunan, ma'aikatun kula da dabbobi kuma su buɗe hanyar kai rahoton mutuwar kaji da agwagi da awaki da ba a san dalilinta ba. Jami'o'in Sakkwato da Zariya da Gusau suna da malaman ilimin ƙasa da na dabbobi da na lafiyar al'umma da za su iya wannan aiki in an ba su kayan aiki da kuɗin bincike.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan harka ruwan ma na zahiri ne, wanda za a fesa a bakin inji. Ƙasar nan ta riga ta biya kuɗin wannan ilimi da rayukan ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum da Rafi. Ɗan kasuwar da zai zuba miliyoyi a rami saboda farashi ya tashi, ya kamata ya fara ware kuɗin auna dutsen da na tankin ruwa kafin ya sayi buhu na farko.