Fili a Watan Agusta Ake Ganinsa



Makon jiya na raka wani ɗan uwana duba gidan da ya gama shekara uku da suka wuce, a wata unguwa cikin Kano. Gida ne na gani na faɗa, tayil har bango, ga get na zamani. Amma daga kusurwar tagar falo wata tsaga ta tashi a karkace ta nufi sama, har yatsana yana shiga. Ƙofar ɗaki ɗaya ta daina rufuwa. Sau biyu yana sa a liƙe da siminti, sau biyu tsagar tana dawowa. Wani dattijo a layin ne ya warware mana zancen: wurin da kududdufi ne, shara aka yi ta zubawa har ya cike, aka bi da jar ƙasa a sama, aka yanka filaye.

Ni a ganina laifinmu ne. Idan za mu yi gini muna tambayar takardar fili, muna tambayar kuɗin bulo da rodi da siminti, amma ƙasar da za ta ɗauki nauyin duk wannan ba ma tambayarta komai. Dillali ya ce wuri mai kyau ne, magini ya ce ƙafa uku muke haƙawa a ko'ina, shi ke nan an zuba kankare.

Alhali ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Marmara da jar ƙasa mai tauri suna riƙe gini. Jigawa tana tsotse ruwa da wuri, sai dai idan sako-sako ce ruwa yana iya kwashe ta daga ƙarƙashin harsashi. Baƙar laka irin ta yankin Tafkin Chadi da wasu sassan Gombe da Adamawa tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ginin da ke kanta yana hawa yana sauka duk shekara. Mafi haɗari ita ce ƙasar ciko. Shara tana ruɓewa, ƙasar da ba a daddanne ba tana zama a hankali, kuma ba ta zama daidai. Gefe ɗaya ya nutse fiye da ɗaya, bango ya amsa.

Na san wani zai ce kakanninmu ba su yi gwajin ƙasa ba, ga gidajensu nan tsaye. Sun yi mana, da idonsu da ƙafarsu. A tudu suka zauna, suka bar fadama ga rake da shinkafa. Kududdufan nan su suka haƙa su don ɗibar ƙasar gini, suka bar su suna tara ruwan sama. Mu ne muka cike su muka ɗora bene da dekin a kai.

To me ya kamata mai niyyar gini ya yi? Da farko kada ka yanke hukunci a kan filin da ka gani da rani kawai. Ka koma a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi. Ka zauna da dattawan unguwa da masu haƙar rijiya, su suka san abin da ke ƙasa da kuma gaba nawa ake tarar da ruwa. Ka dubi katangun maƙwabta, tsaga da danshin da ke cin gindin bango ba sa ƙarya.

Sannan ka sa lebura ya haƙa rami biyu ko uku, kamar mita 1.5, a inda ginin zai zauna. Idan leda da tsumma da toka suka fito, ka san a kan bola kake. Ka bar ramin ya kwana, ka ga ko ruwa zai taru. Ka jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu: idan ta miƙe kamar igiya tana danƙo ba ta karye ba, laka ce mai yawa.

Wannan duk share fage ne. In bene za ka yi, ko ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN a yi gwajin ƙasa na sosai. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da ɗakunan wannan gwaji a sashen injiniyan gine-gine. Sakamakon ne zai nuna zurfin harsashi da faɗinsa, ko kuma a shimfiɗa kankare da rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya.

Tayil da fenti ana iya canza su kowace shekara. Harsashi sau ɗaya ake yinsa, tun ran gini tun ran zane. Ɗan uwana yanzu yana lissafin gyaran da ya ninka abin da zai kashe a gwaji, ga iyali a ciki, ga damina tana tafe.

Maginan da injiniyoyin da ke cikin zauren nan, ku ƙara mana da abin da kuka gani a wuraren aikinku. Allah ya ba mara gida nasa, ya tsare mu da asara.