Sun dawo gida, mun mai da su baƙi

Yau maganata a kan iyalan da suka tattaro kayansu daga Abijan suka dawo Adar ce. Tun rikicin Kwaddibuwa na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2010, gidaje da dama sun dawo Tawa, Keita da Buza. Uba ya shekara talatin yana bida a Ajame, ɗiyansa duk can aka haife su.

Ku zauna da su ku ji. Ba zafin rana ke damunsu ba, ba kuma kewar aceke ba. Can, baƙi ake ce musu, kullum ana tambayar takardar zama. Nan kuma yaro ya buɗe baki, Hausarsa ta gauraye da Julanci da Faransanci, sai dariya: "ɗan Abijan!" Har wani ya daina magana a lakwal.

To, shekarar da hatsi bai yi ba, kuɗin wa muke bin layi muna karɓa? Lokacin ba wanda ya duba Hausarsu.

Mafi ciwo ita ce maganar gona. Mutum ya dawo ya tarar 'yan uwa sun raba gado, an ce masa "ai ba ka nan". Wallahi zalunci ne, nisa ba ya kashe gado. Hakimai da limamai su daina kau da kai. Ku kuma da ke can har yanzu, in kun zo ganin gida bana, ku je kwamitin filaye na Cofo a rubuta gonarku, da shaidu.