Ana karɓar kuɗinmu, ana koyar da ƴaƴanmu da tsohuwar fotokofi

Iyaye na sayar da gero da awaki don ƴarsu ta zama ungozoma. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu sun yi yawa, kowace da babban allo a ƙofa. To ku tambayi ɗalibar shekarar ƙarshe inda ta samo abin da ta zuba cikin kundin kammala karatunta. Sau da yawa kundin wata yayarta ne da aka turo mata ta WhatsApp, ta canza sunan gari.

Ni ban ga laifin yarinyar ba. Laifin na masu makaranta ne, kuma hujjar rashin kuɗi ba ta wanke su. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe Hinari, rumbun dubban mujallun likitanci da jinya, wanda yanzu yake ƙarƙashin Research4Life. Nijar na cikin ƙasashen da ba a karɓar musu ko dala. Jami'a, makarantar jinya ko asibitin koyarwa sai su yi rajista, a ba mai kula da ɗakin karatu lambar shiga, shi kuma ya koya wa ɗalibai. PubMed ma ko rajista ba ya so, kuma ana iya tace sakamakonsa ya fito da na Faransanci kaɗai. Shin darakta nawa ne suka zauna suka cika wannan takarda? Wasu ma ba su da ɗakin karatun, balle mai kula da shi.

Kada a ɗauka wannan ado ne na ƴan boko. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe matanmu. A 2017 mujallar The Lancet ta fitar da wani gwaji da aka yi kan mata wajen 20,000, ya nuna allurar taranekzamik, in an yi ta cikin awa 3 da haihuwa, tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta gyara shawararta. Ungozomar da aka horar da darasin da malaminta ya kwafa tun yana ɗalibi, ina za ta ji wannan? Kuma ita za a tura ƙauye, da dare, babu likita kusa.

Za a ce yawancin binciken da Turanci yake. Gaskiya ne, kuma nan mu malamai muke da namu kason: yaro ya shekara bakwai yana Turanci daga kwaleji zuwa lise, amma bai iya karanta taƙaitawar bincike mai layi goma ba.

Iyaye, kafin ku biya kuɗin bana, ku nemi ganin darakta. Ku tambaye shi ko makarantarsa na da rajistar Hinari, wa ke riƙe da lambar shiga, kuma awa nawa aka ware don koyar da neman bincike. In ya fara kame-kame, ku ce ya kunna kwamfuta ya nuna muku.