GYARA KAYANKA: Injin iska ya ƙi cika

Ranar Juma'a kasuwar Maradi ke ci. Wani manomi ya taso daga Jiratawa tun asuba, amalankensa cike da buhunan zogale. Yana shiga Sabon Gari sai taya guda ta sace. Ya tsaya wajen wani saurayi mai faci a ƙofar gidansu.

An yi faci, saura iska. Mai faci ya tada injin iska, wanda ake kira kwampiresa. Inji yana ta ƙara, amma allurar agogonsa ta ƙi tashi. Rana tana yi, zogale yana yaushi.

Manomi ya ce: "Samari, in rana ta take, ganyen nan ba mai sayensa."

Mai faci ya ce: "Yi haƙuri Baba, injin ne ya mutu."

Wani tsohon makanike yana zaune kusa. Ya ce injin da ke ƙara bai mutu ba. Ya sa aka kashe shi, aka cire wayar kuran, aka saki iskar tanki duka. Sannan ya fara duba.

Da farko ya buɗe matatar da iska ke shiga. Soso ne a ciki. Ƙurar hunturu ta toshe shi sarai. Inji kamar mutum ne, in hanci ya toshe ba numfashi. Aka kakkaɓe soson, aka mayar.

Na biyu ya danna bel da yatsa, wato igiyar roba da ke juya injin. Ta yi sako-sako, tana zamewa. Aka ja ta, aka ɗaure.

Na uku ya duba man inji. Ya ragu, aka ƙara daidai layi.

Aka tada inji. Tsoho ya kaɗa ruwan sabulu, ya shafa a duk mahaɗar tiyo. Wuri guda ya yi ta kumfa. Nan iska ke gudu. Aka yanke bakin tiyon da ya tsage, aka sake ɗaurewa. Allura ta tashi. Taya ta cika, manomi ya kama hanyar kasuwa.

Amma tsoho bai tashi ba. Ya girgiza tanki, ya ji motsin ruwa. Ya sa aka rage iska, ya kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki. Jan ruwa mai tsatsa ya zubo, har ya cika kwano.

Mai faci ya ce: "Baba, ni ban taɓa zuba ruwa a ciki ba."

Gaskiya ne, bai zuba ba. Iska tana ɗauke da laima. In inji ya matse ta cikin tanki ta huce, laimar sai ta koma ruwa, ta kwanta a ƙasa. Da damina abin ya fi yawa. Ruwan yana cin ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani. Waje fenti na ƙyalli, ciki ya ruɓe.

Sai tsoho ya ga abin da ya fi tada masa hankali. A kan tanki akwai ɗan bawul mai zobe. Aikinsa shi ne ya saki iska in ta yi yawa. Mai faci ya ɗaure shi da waya, wai yana ɓata masa iska. Yawancin ƙananan injuna suna tsayawa da kansu in allura ta kai wajen lamba 8. Ran da inji ya ƙi tsayawa, wannan bawul ne kaɗai mai ceto. Tsatsattsen tanki in ya fashe, ƙarfe ne ke tashi, ga yara suna wasa a ƙofar gida. Nan take aka kwance wayar, aka aika sayen sabon bawul.

To, ga abin da ya kamata mai injin iska ya riƙe:

1. Kowace yamma a zubar da ruwan tanki.
2. Kowane mako a share matata, a duba mai da bel.
3. Kada a kwance komai sai an kashe inji an saki iska.
4. Kada a ɗaure bawul mai zobe. In yana yoyo, a canza shi.
5. Tankin da tsatsa ta huda ba a yi masa walda. A sake wani.

Manoma da makiyaya na Tibiri, da Jiratawa, da sauran garuruwa su ma da nasu. In ana ba taya iska, a ja baya, a janye yara da dabbobi. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa mai facin garinsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.