Wa ya tambayi ɗalibin Kurfi ko ya yi barci jiya?

Duk shekara shugabannin makarantu a Jihar Katsina suna cika takardun ƙidaya: ajujuwa nawa, benci nawa, malamai nawa, masai nawa ne ke aiki. Idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, a sake zama a yi lissafi. Halin da yaron da ke zaune a kan bencin yake ciki kuwa, babu gurbinsa a takarda.

A Dutsin-Ma da Kurfi wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Yaran da ke sakandare yau suna da wayo lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020. Sun kuma ji labarin ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka ɗauke daga masaukinsu a Oktoba 2023. Wasu iyayensu sun baro ƙauye da tsakar dare, yanzu suna raɓe a gidan 'yan uwa cikin gari. Irin wannan yaro zai zo aji da safe idonsa ja, ya kife kai a kan tebur, malam ya ce lalaci ne, ya tsula masa bulala.

Katanga da mai gadi suna da amfani, ban musa ba. Amma tsoron da yaro ya taho da shi daga gida, katanga ba ta tare shi.

Sai an tambayi yaron kansa. Ai hanyar tambaya tana nan, ba mu za mu ƙirƙiro ta ba. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya take gudanar da bincike a makarantun ƙasashe da dama, inda ɗalibi ke amsa tambayoyi ba tare da rubuta sunansa ba. Sau nawa ya zauna da yunwa cikin kwana 30 da suka wuce? Damuwa ta taɓa hana shi barci? Ana cin zalinsa? Yana da aboki na kusa?

Ɓoye sunan nan shi ne ƙashin bayan aikin. Ɗan Bahaushe, babba ya tsare shi da ido ya ce yaya kake, "lafiya lau" zai ce ko da cikinsa na kukan yunwa. Kunya da tarbiyya ne suka koya masa haka. Don haka a rubuta tambayoyin da Hausa, kuma kada malamin ajin ya karɓi takardun, tunda wani lokacin shi ne abin kukan. 'Yan mata a ba su mace. Masu karɓa ba sai an ɗauko su daga Abuja ba: ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke fita koyon koyarwa, ga malaman jami'a da za su iya tace amsoshin.

Inda nake jin tsoro shi ne a tambaya a ajiye. Alhaki ne ka sa yaro ya buɗe maka cikinsa, sannan rahoton ya ƙare a cikin durowa. Sakamakon kowace makaranta ya kamata ya je gaban kwamitin kula da ita, a karanta shi da iyaye da mai unguwa a wurin. Idan 'yan mata sun ce rashin masai mai ƙofa ne ke sa su fashin makaranta, a kira kafinta kafin zango ya ƙare, baɗi kuma a maimaita tambayar a ga ko fashin ya ragu.