Ɗan Aike Ya Kawo Amsa, Ina Sunan Mai Ita?

Kowane akawu ya sani, takardar da a ka kwafa ba a sa lambarta da sunan wanda ya sa mata hannu ba, ba ta da amfani ran da magana ta tashi. Abin da ya faɗo mana a rai ke nan sa'ad da mu ka duba wani kayan aiki na masu rubuta wa kwamfuta umarni, sunansa StackAPI.

Ga asalin maganar. Cikin 2008 waɗansu mutum biyu na Amurka, Jeff Atwood da Joel Spolsky, su ka buɗe wani zaure a intanet mai suna Stack Overflow, inda wanda aikin kwamfuta ya cije masa zai yi tambaya, wanda ya sani ya ba shi amsa, ba a biyan kowa ko anini. Daga baya zauren ya haifi waɗansu fiye da 100, har da na lissafi da na girki, duka a ƙarƙashin Stack Exchange. Cikin 2010 a ka buɗe wata taga ta musamman, wadda a ke kira API, domin na'ura ta zo ta karɓi tambayoyi da amsoshi da kanta, ba sai mutum ya zauna ya na buɗe shafi ɗai ɗai ba. To, StackAPI ɗan aike ne da a ke turawa wannan taga. Watau tarin umarni ne da a ka riga a ka rubuta cikin harshen Python, mutum ya ɗauka kyauta, ya ƙara layi uku ko huɗu nasa, sai ga abu har 500 ya zo masa a tafiya ɗaya.

Tagar kuwa ta na da dokoki. Wanda ba shi da mabuɗin rajista sau 300 kaɗai za a saurare shi a yini, mai mabuɗi sau 10,000. In an ga mutum ya cika naci, sai a ce ya dakata daƙiƙa kaza kafin ya sake neman irin wannan abu. Ɗan aiken nan shi da kansa ya ke dakatawa, ba sai an tuna masa ba. Lalle mun yaba da wannan, gama ɗalibi mai zumuɗi zai manta, a rufe masa taga.

Amma akwai ladabin da ɗan aike ba zai iya yi wa kowa ba. Kowace amsa ta na zuwa da sunan mai ita, da lambarta, da ranar da a ka rubuta ta. Sharaɗin da a ka sake ta a kai, wanda a ke kira CC BY-SA, ya yarda ka kwafa, har ka sayar, muddin ka faɗi mai ita, kuma abin da ka gina a kanta ka sake shi bisa wannan sharaɗi. Ɗan aike ya kan kawo sunan. Wanda ya aike shi ne ya kan yar.

Wani zai ce mene ne a suna, ai ilmi na kowa ne. A ganinmu sunan nan shi ne ladan aikin. Cikin 2021 a ka sayar da kamfanin ga Prosus a kan dala biliyan 1.8, cikin 2024 kuma ya ƙulla ciniki da Google da OpenAI a kan waɗannan amsoshi, waɗanda su ka hana idonsu barci su na rubutawa ba su da kaso. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 masu zuwa zauren da tambaya sun ragu ƙwarai. In an ƙwace wa mai amsa har sunansa, da wane dalili zai sake zama ya rubuta? Sa'an nan ga wata: amsa ta kan tsufa. Wadda ta ke daidai a 2011 ta yiwu yau kuskure ce, an kuwa gyara ta a can; wanda ya yar da lamba da kwanan wata ba shi da hanyar komawa ya gani.

Saboda haka mu na roƙon malaman da ke koyar da wannan kayan aiki su sa doka tun darasin farko. Duk ɗalibin da ya kawo amsoshi ba suna, ba lamba, ba kwanan wata, a mayar masa da aikinsa ya sake.