Sifeton Cikin Faifai da Ƙishirwar Adalci

Duk wanda ya san unguwar Changli ta birnin Tamale, ya kuma san yadda samarinta kan taru bayan sallar isha'i a ƙofar shago ko a ɗakin abokinsu mai talabijin, ba zai kasa lura da cewa, cikin dukan finafinan da ake kallo, na soyayya da na barkwanci da na sarautar Dagwamba, akwai wani iri guda wanda da zarar an sa shi hira takan ɗauke ɗif ba, watau fim ɗin ɗan sanda mai zafin zuciya, wanda ya sha alwashin sai ya ga bayan wani azzalumi, ko da manyansa sun ce ya janye hannu.

Wannan sha'awa ba yau ta samo asali ba. Dattawan gari sun san ta tun zamanin silimun Rivoli da Victory, lokacin da finafinan Indiya ke cika su maƙil. Da kaset ɗin bidiyo ya shigo Gana wajen shekarun 1980, sai kallo ya bar silima ya shiga lungu: benci huɗu ko biyar, talabijin bisa tebur, labule a bakin ƙofa, da hoton jarumi wanda mai zane ya rangaɗa da fenti a kan buhun fulawa, ya ƙara masa damatsa da bindigar da ko a cikin fim ɗin babu irinta. Daga kaset aka koma faifai, yau kuwa ana tura wa mutum fim cikin wayarsa, har da waɗanda aka fassara da Hausa a Kano. Na'ura ta yi ta sauyawa, sifeton bai sauya ba.

Siffarsa ɗaya ce ko daga wace ƙasa ya fito. A Zanjeer na 1973, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Sifeto Vijay, wanda aka ƙulla wa sharrin cin hanci aka ɗaure shi, ya fito ya ɗauki fansa da hannunsa. Shekara biyu kafin haka, a Amurka, Clint Eastwood ya fito a Dirty Harry, inda ya azabtar da mai kisan kai don ya yi magana, hukuma ta saki mutumin saboda an tauye masa haƙƙi, daga ƙarshe ya harbe shi ya jefa lambar aikinsa cikin ruwa. Jackie Chan ya yi nasa a Police Story a 1985, Ajay Devgn kuma a Singham a 2011.

Wasu malamai da iyaye suna ganin ba abin da ke jan yaran nan sai son duka da ƙarar harsashi. Ni ban yarda ba, domin da duka kawai ake nema, ai finafinan kokawa sun wadatar. Abin da ke jan su, a ganina, ƙishirwar adalci ce. Talakan da ya saba ganin ƙara tana shekara da shekaru ana ɗage ta, ya saba jin cewa beli kyauta ne alhali kuwa bai taɓa ganin kyautar ba, ya kuma san yadda mai babur kan sassauta murya idan ya hango shingen bincike, to, lalle ne zuciyarsa ta yi sanyi in ya ga ma'aikacin hukuma wanda aka miƙa wa jakar kuɗi ya watsa wa mai ita a fuska, ya kuma gama shari'a duka cikin sa'a uku. Ku duba lokacin da ɗaki kan kaure da tafi: sau da yawa ba a wurin harbi ba ne, a wurin da sifeto ya ƙi karɓar na goro ne, ko ya ƙi rusuna wa mai kuɗi. Wannan fiɗira ce mai kyau, ba ta cancanci zargi ba.

Amma fa akwai ƙaya a cikin tuwon. Mai kallo ya riga ya ga bos, watau azzalumin, yana aikata laifin da idonsa, saboda haka in sifeto ya karya ƙofa, ya mari wanda ake tuhuma, ya harbe shi ba tare da alƙali ba, ba wanda zai yi shakkar cewa an kashe mai laifi. A duniyar zahiri kuwa ba mai wannan yaƙini, sai zato da jita-jita da ƙiyayyar maƙwabci. Mutanen zango ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan. A watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Asawase ta Kumasi a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne, sa'an nan kwamitin da gwamnati ta naɗa ya bincika bai sami hujjar da ta tabbatar da haka ba, har aka biya iyalansu diyya.

Malaman fiƙihu sun daɗe da toshe wannan kafa, da suka ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da'awa, mafi yawansu kuma suka ƙi karɓar iƙirarin da aka tatsa da bulala, suka ce a tunkuɗe haddi in akwai shubuha. Tsarin mulkin Gana na 1992 ma ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin sa'a 48 ko a sake shi. Waɗannan ƙa'idoji su ne fim ke nunawa kamar tarnaƙi ne a ƙafar jarumi, alhali su ne garkuwar ɗan Changli wanda ba shi da uwa a gindin murhu.

Ba ina cewa a kashe talabijin ba, don ni ma ina kallo, kuma nakan yi tafin. Sai dai a cikin irin nan akwai masu gaskiya. Serpico na 1973 labarin ɗan sandan New York ne na haƙiƙa, wanda ya tona cin hancin abokan aikinsa, aka harbe shi a fuska a 1971 ya rayu, ya ba da shaida gaban hukumar bincike ta Knapp. Ardh Satya na 1983 kuwa ya nuna sifeto mai gaskiya wanda fushinsa ya kai shi ga kashe ɗan tsare da duka, ya bar mai kallo da nadama maimakon murna. Masu tura fim a waya su riƙa haɗa wa yara da irin waɗannan.

Ga masu shirya fim na Tamale da harshen Dagbani, da 'yan'uwansu na Kano, roƙona shi ne su ba mu ɗan sandan da muka sani, mai ƙaramin albashi, mai 'ya'ya a makaranta, wanda dattawan unguwa ke zuwa wa da biko a saki ɗansu. Gana ta taɓa yin Inspector Bediako a talabijin a shekarun 1990, jama'a kuwa suka karɓe shi hannu biyu. Ku sa sifetonku ya kama mutumin da bai ji ba bai gani ba ko da sau ɗaya, ku nuna mana abin da ya yi bayan ya gane.